Ƙanjamau: Yadda Ake Ƙoƙarin Kai Rigakafi da Magani Ga Kowa da Kowa

Gabatarwa

An shirya wannan darasi domin malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya, da hakimai da dagatai da masu unguwa, da dukan wanda ya iya karatu, don ya karanta ya kuma karanta wa wanda bai iya ba. Maganar da ke cikinsa ita ce ta ƙanjamau, watau cuta mai karya garkuwar jiki, wadda a Nijar da sauran ƙasashe masu aiki da Faransanci ake kira sida. Tun shekara ta 1996 likitoci suka sami maganin da ke danne wannan cuta. Amma samun magani daban, isar da shi hannun mai bukata daban. Darasin zai nuna abubuwan da suka tare hanya, da yadda aka kawar da waɗansu, da waɗanda suka rage har yanzu.

1. Cutar da Hanyoyinta

Abin da ke kawo ƙanjamau wata ƙwayar cuta ce da ake kira HIV, wadda ido ba ya ganinta. In ta shiga jikin mutum sai ta nufi waɗansu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun da ke tsare jiki daga cututtuka, ta zauna cikinsu tana haihuwa tana kashe su kaɗan kaɗan. Mutum yana iya yin shekaru yana ɗauke da ita, yana noma yana fatauci, babu wata alama a jikinsa. Sa'ad da dakarun nan suka ƙare, sai cututtukan da a dā jiki ke kora su sami ƙofa a buɗe, kamar su tarin fuka da zawo mai naci da ciwon huhu. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ƙanjamau. Tarin fuka shi ne ya fi kashe masu ɗauke da ƙwayar.

Hanyoyin kamuwa uku ne. Ta fari, saduwa tsakanin mai ɗauke da ƙwayar da wanda ba ya ɗauke da ita. Ta biyu, jini, kamar ta allura ko aska ko reza da aka yi wa mutum fiye da ɗaya aiki da ita ba a dafa ba, ko ƙarin jinin da ba a auna ba. Ta uku, daga uwa zuwa ɗa, a lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa. Ba a kamuwa ta musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko cizon sauro, ko zama a tabarma ɗaya.

2. Bayyanarta da Samun Magani

Ran 5 ga watan Yuni, 1981, hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin waɗansu samari biyar a birnin Los Anjalis waɗanda suka kamu da wani irin ciwon huhu da ba a saba gani ga mai lafiya ba. Wannan shi ne rahoto na fari. A cikin 1983 masana na Cibiyar Pasteur a birnin Faris, cikinsu har da Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, suka gano ƙwayar, aka kuwa ba su biyun lambar Nobel saboda wannan aiki a cikin 2008. A cikin 1985 aka sami hanyar awon jini. A Nijeriya an ba da sanarwar masu cutar na fari a cikin 1986.

Magani na fari, wanda ake kira AZT, ya fito a cikin 1987, amma shi kaɗai bai daɗe yana aiki ba, gama ƙwayar takan canza kama ta saba da shi. Sai a cikin 1996, wajen babban taron da aka yi a Bankuba ta ƙasar Kanada, likitoci suka nuna cewa in an haɗa magani iri uku a lokaci guda, ƙwayar ba ta samun mafita. Mutanen da aka fid da rai da su suka miƙe suka koma bakin aiki. Cikin 'yan shekaru mace-macen ƙanjamau suka ragu ƙwarai a Turai da Amurka.

A lura, wannan magani danne ƙwayar yake yi, ba ya fitar da ita daga jiki. In ban da waɗansu mutane ƙalilan da aka yi wa dashen ɓargo saboda ciwon daji, ba a warkar da kowa sarai ba. Saboda haka duk mai tallar magani a kasuwa ko a tasha da ya ce yana raba mutum da ƙanjamau, kuɗin jama'a yake nema.

3. Katanga ta Fari: Tsada

Sa'ad da mace-mace ke raguwa a ƙasashe masu arziki, a Afirka hauhawa suke yi. Dalili kuwa shi ne kuɗi. Maganin mutum ɗaya na shekara guda yana cin dala 10,000 zuwa 15,000 a lokacin, alhali yawancin masu cutar suna ƙasashen da talaka ba ya samun dala 500 a shekara. A cikin 2002 mutanen da ke samun maganin a Afirka kudu da Sahara ba su wuce wajen 50,000 ba, masu bukatarsa nan take kuwa sun kai wajen miliyan 4. A cikin 2004 kaɗai cutar ta kashe mutum wajen miliyan 2 a duniya.

Ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ya kawo wannan tsada. Kamfanin da ya ƙago magani yakan sami takardar haƙƙin mallaka, wadda ke hana wani yin irinsa har shekara 20. Hikimar wannan doka ita ce kamfani ya mai da kuɗin da ya kashe wajen bincike. Amma muddin ba shi da abokin gasa, shi ke yanka farashi yadda ya ga dama. Kuɗin harhaɗa ƙwayar maganin kansa kaɗan ne.

Ƙasar Barazil ce ta fara nuna hanya. A cikin 1996 ta kafa doka cewa a ba kowane mai bukata maganin kyauta, ta kuma shiga harhaɗa waɗansu irinsa a masana'antun gwamnati. Ƙasar Indiya kuwa tun 1970 dokarta ba ta ba da haƙƙin mallaka a kan magani kansa ba, sai a kan hanyar yinsa, haka aka zauna har 2005. Saboda haka kamfanonin Indiya suka ƙware wajen yin magunguna ta waɗansu hanyoyi na dabam. A cikin watan Fabrairu, 2001, Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla, ya yi tayin sayar da haɗin magani uku a kan dala 350 a shekara, watau ƙasa da dala ɗaya a yini. Har wa yau kamfanin ya haɗa ukun cikin ƙwaya guda, abin da ya sauƙaƙa sha ga majiyyaci da ajiya ga asibiti.

A Afirka ta Kudu kuma, gwamnati ta yi doka a cikin 1997 don ta sami ikon sayo magani inda ya fi araha. Kamfanonin magani 39 suka kai ta ƙara. Masu ɗauke da cutar suka haɗa ƙungiya suka yi ta zanga-zanga, jama'ar duniya suka goyi bayansu. A taron ƙanjamau na Durban a cikin 2000 wani yaro mai shekara 11, Nkosi Johnson, wanda aka haifa da ƙwayar, ya tsaya gaban dubban mutane ya roƙi a ba mata masu ciki magani, a kuma daina gudun masu cutar. Ya rasu ran 1 ga watan Yuni, 2001. A cikin watan Afrilu na wannan shekara kamfanonin suka janye ƙararsu. A cikin Nuwamba kuma ƙasashen da ke cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka taru a Doha, suka tabbatar cewa dokar haƙƙin mallaka ba za ta hana wata ƙasa kare lafiyar mutanenta ba.

Daga nan farashi ya yi ta gangarowa. A cikin 2010 aka kafa wata hukuma a Janiba wadda ke karɓar izini daga kamfanonin da suka ƙago magani, ta raba wa masu harhaɗa irinsa da araha domin ƙasashe matalauta. A cikin 2017 aka ƙulla cinikin sabon haɗi mai ɗauke da dolutegravir a kan dala 75 a shekara, a cikin 2023 kuwa ya sauko ƙasa da dala 45. Ƙwaya ɗaya ce a yini, ta kuma fi magungunan dā ƙarfi da sauƙi a jiki.

4. Katanga ta Biyu: Kuɗin Aiki

Ko da magani ya yi araha, sai an sami mai saye, da motar da za ta kai shi, da ɗakin awon jini, da malamin asibiti da zai ba da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cikin watan Afrilu, 2001, shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ɗauki alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya. A wannan taro ne Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya yi kira a kafa asusu na duniya. A cikin 2002 aka kafa Asusun Duniya na Yaƙi da Ƙanjamau da Tarin Fuka da Zazzaɓin Cizon Sauro. A wannan shekara Botswana ta fara ba 'yan ƙasarta magani kyauta. A cikin 2003 Shugaba George W. Bush na Amurka ya kafa shirin da ake kira PEPFAR, da dala biliyan 15 na shekara biyar.

A ƙarshen 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa kanta buri, cewa kafin ƙarshen 2005 a sa mutum miliyan 3 a kan magani a ƙasashe masu tasowa. Ba a cim ma wannan adadi ba, miliyan 1.3 aka samu. Duk da haka aikin ya rushe wata magana da waɗansu ke yi a lokacin, wai mutanen karkara ba za su iya shan magani a kan ƙa'ida ba. An ga suna sha daidai da kowa. A cikin 2006 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince cewa manufa ita ce kowa da kowa ya sami rigakafi da magani da kulawa. A wannan shekara Nijeriya ta mai da maganin kyauta a asibitocin da aka keɓe.

Wata dabara da ta taimaka ita ce sauke aiki daga hannun likita zuwa hannun malaman jinya da ma'aikatan unguwa, gama likitoci ba su wadata ba. Har ila yau wanda jikinsa ya daidaita akan ba shi maganin wata uku ko shida a lokaci guda, don kada kuɗin mota da barin sana'a su hana shi zuwa.

5. Hanyoyin Rigakafi

Rigakafi ya fi magani. Kame kai, da riƙon amanar aure, da kwaroron roba, da awon jini kafin ƙari, da sabuwar allura ga kowane mutum, su ne tushe tun farko, suna nan kuma da amfaninsu. Bincike ya ƙara waɗansu a kai.

Kare jariri. In ba a yi kome ba, cikin jarirai 100 da iyaye mata masu ƙwayar suka haifa, 15 zuwa 45 sukan kamu. In uwa tana shan magani tun tana da ciki har ta yaye, adadin yakan sauko ƙasa da 5. A cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Kyuba ce ƙasa ta fari da ta toshe wannan hanya.

Kaciya. Gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda tsakanin 2005 da 2007 sun nuna kaciyar maza tana rage kamuwar namiji daga mace da wajen kashi 60 cikin 100. Ragewa take yi, ba ta hanawa ɗungum, don haka mai kaciya kada ya saki jiki.

Maganin kansa. A cikin 2011 wani babban gwaji a kan ma'aurata, waɗanda ɗaya ke ɗauke da ƙwayar ɗaya ba ya ɗauke da ita, ya nuna cewa fara magani da wuri ya rage yaɗuwa da kashi 96 cikin 100. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar cewa wanda magani ya danne ƙwayarsa har awo ba ya ganinta, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Wannan shi ne babban darasin zamanin nan: maganin mutum ɗaya kariya ce ga iyalinsa. A cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara wa duk wanda aka samu da ƙwayar magani, ba tare da jiran jiki ya raunana ba.

Maganin kariya ga mai lafiya. Tun 2012 akwai ƙwayar da wanda ke cikin haɗari zai riƙa sha don kada ya kamu. A cikin 2024 aka gwada wata allura mai suna lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara, a kan 'yan mata da mata matasa a Afirka ta Kudu da Yuganda, ba a kuwa sami ko ɗaya da ta kamu cikin waɗanda aka yi wa ba a lokacin da aka ba da sakamakon. A cikin 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, aka kuma ƙulla yarjejeniyar yin irinta a kan dala 40 a shekara daga 2027. Wanda kuma tsautsayi ya faɗa masa, kamar ma'aikacin da allura ta soke ko wadda aka yi wa fyaɗe, akwai maganin kwana 28, amma lalle ne a fara shi kafin awa 72 ta cika.

6. Katanga ta Uku: Tsangwama

Magani yana iya kasancewa a asibitin unguwa, kyauta, mutum ya ƙi zuwa don tsoron bakin mutane. A cikin watan Disamba, 1998, aka kashe wata mata mai suna Gugu Dlamini kusa da Durban, bayan ta bayyana a fili cewa tana ɗauke da ƙwayar. Inda ake irin wannan, mutane sukan ɓoye, cutar kuwa ta yi ta yaɗuwa a ɓoye.

Waɗansu shugabanni sun karya wannan shiru da abin da ya same su a gida. Shugaba Kenneth Kaunda na Zambiya ya sanar a cikin 1987 cewa ƙanjamau ce ta kashe ɗansa. Nelson Mandela ya yi haka a cikin 2005. A Yuganda kuma Noerine Kaleeba, wadda mijinta ya rasu da cutar, ta haɗu da waɗansu suka kafa ƙungiyar TASO a cikin 1987, domin ziyartar majiyyata a gida da ba su shawara da taimakon iyalansu. Kulawa ke nan: abinci, da maganin tarin fuka, da riƙon marayu, da kyakkyawar magana. A Nijeriya akwai doka tun 2014 wadda ta hana nuna wa mai ɗauke da ƙwayar bambanci a wurin aiki ko makaranta ko asibiti.

7. Inda Aka Kai da Abin da Ya Rage

A cikin 2021 ƙasashen duniya suka amince da ma'auni mai hawa uku: kashi 95 cikin 100 na masu ƙwayar su san suna da ita, kashi 95 na waɗanda suka sani su hau magani, kashi 95 na masu shan magani ƙwayarsu ta danne. Rahoton 2023 na UNAIDS, watau hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da ƙanjamau, ya nuna Botswana da Eswatini da Ruwanda da Tanzaniya da Zimbabuwe sun cika ukun. Dukansu ƙasashen Afirka ne, ba kuwa manyan mawadata ba ne.

Bisa ƙididdigar wannan hukuma ta shekara ta 2024, mutum miliyan 40.8 ke ɗauke da ƙwayar a duniya, miliyan 31.6 suna shan magani, miliyan 9.2 ba su sha. A cikin shekarar mutum miliyan 1.3 suka kamu, 630,000 suka rasu. A Nijeriya babban binciken gida gida na 2018 ya sami kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ita, watau wajen mutum miliyan 1.9 in an haɗa da sauran.

Yara su aka fi bari a baya. Cikin yara wajen miliyan 1.4 masu ƙwayar, kaɗan ne bisa rabi ke samun magani, alhali jaririn da ya kamu, in ba a yi masa magani ba, rabin irinsa ba su kai shekara biyu. 'Yan mata da mata masu shekara 15 zuwa 24 kuma wajen 4,000 ke kamuwa kowane mako, yawancinsu a Afirka kudu da Sahara.

Sa'an nan ga maganar kuɗi ta sake tasowa. A cikin watan Janairu, 2025, gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take bayarwa a ƙasashen waje. Ko da yake daga baya an keɓe maganin ceton rai, an rufe ɗakunan shan magani a wurare da dama, ma'aikata da yawa suka rasa aiki, ayyukan rigakafi suka yi rauni. Wannan ya tuna wa ƙasashen Afirka alkawarin Abuja, wanda waɗanda suka cika shi ba su da yawa. Maganin da za a sha har ƙarshen rai bai kamata ya dogara ga aljihun wani kaɗai ba.

8. Abin da Ya Rataya a Wuyan Kowa

Burin da duniya ta sa shi ne kafin 2030 ƙanjamau ta daina zama barazana ga jama'a. Gwamnatoci za su iya kawo magani har ƙofar asibiti, amma taki na ƙarshe na mutum ne da kansa.

(a) Kowane baligi ya je a auna jininsa. Awon ba ya cin rabin awa, sakamakon kuma asiri ne. Wanda yake zaton ya kamu kwanan nan ya sake awo bayan wata uku.

(b) Masu niyyar aure su yi awo tun kafin a sa rana.

(c) Kowace mai ciki ta je awon ciki da wuri, ta haihu a hannun ƙwararriyar ungozoma. Mai gida ya ba ta izini da guzuri, in da hali ya raka ta a auna su tare.

(d) Wanda aka sa a kan magani ya sha kullum a kan lokaci, ko da ya ji garau. Tsallake kwanaki yana koya wa ƙwayar sabawa da maganin.

(e) Wanzamai da masu yankan farce su yi wa kowa aiki da sabuwar reza, ko su dafa kayansu.

(f) Sarakuna da malamai da limamai su tsawata wa masu tsangwama. Mai ɗauke da ƙwayar ɗan'uwa ne, yana da haƙƙin maƙwabtaka da zumunci kamar kowa.

Tambayoyi Domin Bita

1. Mene ne bambanci tsakanin ɗaukar ƙwayar HIV da ciwon ƙanjamau?
2. Waɗanne abubuwa ne suka sauko da farashin magani daga dala 10,000 zuwa ƙasa da dala 45?
3. Ta yaya maganin mutum ɗaya yake kare iyalinsa?
4. Wane alkawari aka ɗauka a Abuja a cikin 2001, me ya sa kuma ake tuna shi yanzu?
5. Ina ne wurin awon jini mafi kusa da garin mai karatu, wace rana kuma ake buɗe shi?